Gammon Inna Fure

Kontagora, 9 ga Afrilu, 1965

Zuwa ga ƙanena Irmiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kuma karatun asibiti bai ƙarasa cinye ɗan naman da ya rage a jikinka ba. Hoton da ka aiko ya iso. Fararen kaya sun yi maka kyau, amma wuyanka ya koma kamar na zalɓe. Ba a tuƙa tuwo a Kaduna ne?

Mu nan kalau muke. Maigidana Andarawus yana gaishe ka, ya samu aikin rufin wani shago a bakin kasuwa, kullum da garin katako har cikin kunne yake dawowa. Ruwa ya sauka sau ɗaya, amma ba wanda ya yarda ya yi shuka tukuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wuyan Inna ne. Kada hankalinka ya tashi, ba a kwance take ba. Ka san halin Inna Fure, ko me ake ciki sai ta shiga daji ta yo itace ta kai kasuwa. Amma tun watan jiya, in ta tashi da safe sai wuyan ya riƙe, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. In rana ta ɗaga, ta ɗora babbar ƙwaryarta ta ɗaukar itace a kafaɗa ta kama hanya, sai ya sake ta.

Na ce mu kira Gidaɗo, Bafillatanin nan na rugar bayan rafi, wanda ya gyara wa Andarawus ƙugu bara da ya faɗo daga tsani. Sai ta ce, "Ina da ɗa a makarantar likita, sannan in kai wa mai shanu wuyana?" Ka ji fa! To, Likita, ga mara lafiyarka ta farko. In akwai man shafawa ka aiko, ka kuma faɗa mana abin da littafi ya ce.

Ga dangwalen babban yatsanta nan a ƙasa kamar kullum. Ta ce takardar da ba ta ɗauki yatsanta ba, ba gaisuwarta ba ce. Ta kusa tuntsurar mini da kwalbar tawada.

Yayarka,
Barakatu

Kaduna, 24 ga Afrilu, 1965

Zuwa ga Yaya Barakatu,

Na samu takardarki, na kuma gode wa Allah da kuna lafiya. Ki gaishe mini da Inna da kyau, da Yaya Andarawus. Ni ma lafiya lau. Ba likita ba ne ni, Yaya, aikin malamin asibiti nake koyo, ki daina sa abokaina suna yi mini dariya. Tuwo kuwa ana tuƙawa, miyar ce dai sai a hankali.

Maganar wuyan Inna ta zo a kan gaɓa, domin darasin da muke ciki ke nan. A ajinmu akwai ƙwarangwal na mutum a rataye, kuma na ƙirga da hannuna, ƙasusuwan wuya bakwai ne, ɗaya a kan ɗaya. Malaminmu ya nuna mana cewa kayan da aka ɗora a gefe guda suna karkatar da ƙashin baya. Kayan da aka ɗora a tsakiyar ka kuwa, nauyinsu yana sauka daidai har ƙafa. Da na ji haka sai Inna ta faɗo mini a rai. Shekara nawa tana ɗaukar itace a kafaɗar dama?

Don haka ga abin da za a yi. Ta daina ɗaukar kaya a kafaɗa. Ta naɗa gammo ta riƙa ɗorawa a ka. Na san abin da za ta ce, cewa mu Kambari tun kakanni macenmu ba ta ɗora kaya a ka. Wannan zancen da ne, Yaya, zamani ya canja. Ki dubi matan gari, duk a ka suke ɗauka, ga su nan suna tafiya a miƙe.

Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, kada kowa ya taɓa mata wuya, ko Gidaɗo ko waninsa. An kawo mana wani mutum nan, wani mai tausa ne ya murɗa masa wuya da ƙarfi, har yau ƙafafunsa ba su motsa ba. Na gan shi da idona. Ki karanta wa Inna wannan layin sau biyu.

Ga man shafawa na saka a cikin ƙunshi, safe da yamma.

Ƙanenki,
Irmiya

Kontagora, 16 ga Mayu, 1965

Irmiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an yi shuka, gyaɗar Inna ta bayan gida har ta tsiro. Man ya iso, warinsa ya kori sauro daga ɗakin, ko ba komai mun ci wannan ribar.

Na karanta mata takardarka, ina juya mata da yarenmu layi bayan layi. Da na zo wurin kafaɗa sai ta tsayar da ni. Ta ce, "Cewa ya yi kamar matan gari?" Na ce haka ya rubuta. Ta sunkuyar da kai, sannan ta ce in ci gaba. Ni na ɗauka faɗa za ta yi, har na gyara zama. Ashe ba haka ba ne. Da yamma sai na gan ta ta yage tsohon zanenta na saƙi tana naɗa gammo.

Yau mako biyu ke nan a ka take ɗauka. Kai, Irmiya, abin dariya abin tausayi. Mace mai shekara kusan sittin tana koyon abin da 'yan matan gari suke koya tun suna goyon 'yar tsana. Hannu biyu take riƙe kayan, tana taku ɗaya-ɗaya kamar mai tafiya a kan santsi. Ƙawayenta da suke zuwa daji tare sun sa ta gaba da tsiya, suna ce mata Bahaushiya. Ita kuwa amsa ɗaya take ba su, "Ɗana ne ya ce."

Na tambaye ta wuyan, ta ce da sauƙi. Ni dai ban sani ba. Da, in ta sauke kaya sai ta shiga tsegumin kasuwa har a gaji da ita. Yanzu sai ta jingina da bango ta rufe ido. Kai ka ga ƙwarangwal, ni ban gani ba, ba zan ja da kai ba. Amma raina bai kwanta ba, gara in faɗa maka.

Ga yatsanta nan.

Barakatu

Kaduna, 30 ga Mayu, 1965

Yaya,

Ina gaisuwa a gurguje. Na ji daɗi ƙwarai da Inna ta karɓi shawara, ban yi tsammani ba. Gajiyar da kike gani ta sabon abu ce, jiki zai saba. Ki ce mata ina alfahari da ita.

Jibi za a tura mu ƙauye aikin gwaji, wata biyu cur, kuma babu gidan waya a can. In kin rubuto, takardar za ta jira ni a makaranta. Da mun dawo kuma sai shirin jarrabawar ƙarshe a watan Satumba. Ku sa ni cikin addu'a.

Irmiya

Kontagora, 27 ga Yuni, 1965

Irmiya,

Muna gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Muna fata aikin ƙauye yana tafiya daidai. Ruwa yana sauka sosai bana, ciyawa ta fi ƙarfin fartanya. Andarawus lafiya. Inna tana ɗan hutawa kwana biyu, ba ta zuwa daji saboda damina. Ta ce ka mai da hankali ga karatunka, kada ka yi tunanin gida. A coci an yi maka addu'a ranar Lahadi.

Ba ni da wani labari. Ga gaisuwarta a ƙasa.

Barakatu

Kaduna, 8 ga Agusta, 1965

Yaya Barakatu,

Ina gaisuwa. Jiya na dawo na tarar da takardarki ta kwana arba'in tana jira na. Na karanta ta sau uku, kuma ban gane ki a cikinta ba. Ke da ba kya iya rubuta layi biyu ba ki tsokane ni ba, yau babu Likita, babu zalɓe? Kuma tun yaushe damina ta taɓa hana Inna shiga daji?

Sai na ɗauko tsofaffin takardunku daga akwati na jera su a kan gado. A kowace, dangwalen Inna yana da farin layi a tsakiya, tabon laujen da ya yanke ta shekarar da Baba ya rasu. A ta Yuni babu layin. Wannan yatsan hagu ne, Yaya.

Me ya sami hannunta na dama? Ina roƙon ki saboda Allah ki faɗa mini gaskiya, kada ki rage komai. Tun jiya na kasa buɗe littafi.

Irmiya

Kontagora, 19 ga Agusta, 1965

Irmiya,

Gaisuwa. Tunda ka gane, shi ke nan, ni ma na huta. Ita ce ta sa na yi alkawari ba zan faɗa maka ba sai ka gama jarrabawa. Yau na karya alkawarin, Allah ya gafarta mini.

Ranar goma ga Yuni tana dawowa daga daji da itace a ka, ƙafarta ta zame a gangaren rafi. Ba ta ma faɗi ba. Da a kafaɗa kayan suke, da ta karkata ta zubar da su kamar yadda ta yi sau ɗari a rayuwarta. Amma a ka suke, ta riƙe da hannu biyu, sai nauyin ya fizgi wuyan. Ƙawayenta ne suka rako ta gida. Tun daga ranar, ciwon ya sauko daga ƙeya ya bi kafaɗa har yatsu. Ta ce kamar ana tsira mata allura. Babban yatsa da manuni ba ta jin su, ko ludayi ba ta iya riƙewa, ni nake ɗaura mata zane. Mun je asibiti, sun duba ta da kirki, sun ba ta ƙwayoyi sun ce ta huta. Ƙwayar tana sa ta barci, amma hannun yana nan jiya i yau.

Gidaɗo ya ji labari wurin matarsa mai kawo mana nono, ya zo da kansa har gida. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya ce ta bari ya duba kawai. Ta ce, "Ɗana ya ce kada kowa ya taɓa." Sau uku yana zuwa. Na yi lallashi, na yi kuka, Andarawus ya yi magana, har fasto ya zo. Ta ce sai in takarda ta zo daga Kaduna. Gidaɗo kuwa ya ce da zarar ruwa ya ɗauke za su tashi da shanu zuwa bakin kogin Kwara, sai wata daminar.

Yanzu bari in faɗa maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Kana tsammani ƙwarangwal ɗinka ne ya sa ta naɗa gammo? Ka tuna lokacin da kake makarantar kwana a nan garin, muna ƙauyenmu Beri tukuna? Ta taso da ƙafa tun gari bai waye ba, da ƙwaryar dafaffiyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kafaɗa, ina biye da ita. Yaran makarantar suka taru a bakin ƙofa suna nuna ta suna dariya. Wani ya tambaye ka wace ce, ka ce wata mata ce daga ƙauyenku. Sannan ka matso ka ce mata da yarenmu, a hankali, in za ta sake zuwa ta ɗauko a ka kamar mutane. Ina tsaye a wurin, Irmiya. Tun da muka koma Beri ba ta sake taka ƙofar makarantar ba, ni ta riƙa aikowa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Da takardarka ta zo, ba maganar likita ta ji ba. Ji ta yi har yanzu kana jin kunyarta, kuma ga dama ta samu ta gyara.

Ina fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Ina kuma fushi da kaina, tunda da bakina na karanta mata. Ka rubuto. Ko Gidaɗo, ko wani abin da ya fi shi, amma ka rubuto da sauri, hannun ya fara ramewa.

Yau babu dangwale, ba ta san na rubuta ba.

Barakatu

Kaduna, 29 ga Agusta, 1965

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da fushinki, na cancance shi. Na tuna ranar. Na sha gaya wa kaina cewa ita ta manta.

Na nemi izinin zuwa gida, an ce sai bayan jarrabawa, wanda ya tafi yanzu sai ya maimaita shekara. Na san Inna ba za ta yafe mini wannan ba. Sai na ɗauki takardarki na je wurin wata Sista Cecilia da ke aiki a ɓangaren masu ciwon baya da gaɓoɓi. A Ingila ta koyi wani irin aiki na gyaran jiki da hannu zalla, babu allura babu wuƙa. Mu ɗalibai mun saba raina ɗakinta, muna cewa ɗakin tausa. Na ba ta labari duka. Ta tambaye ni shekara nawa Inna ta yi tana ɗauka a kafaɗa, na ce sun fi arba'in. Ta ce jikin da ya yi shekara arba'in yana aiki ta hanya ɗaya ya riga ya gina kansa a kan hanyar, naman kafaɗar ya yi ƙarfi, wuyan kuwa bai taɓa sanin nauyi ba. Ta ce ciwon farko na tsufa ne, rage kaya kawai yake so da ɗan gashi. Sannan ta ce, "Wane ne ya ce ta koma ɗauka a ka?" Na ce ni ne. Ba ta yi mini faɗa ba, ni kuwa da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce alama jijiya ce ta matse tsakanin ƙasusuwan wuya, kuma sau da yawa tana saki in an bi ta a hankali. Ta kwantar da ni a kan benci ta nuna mini a wuyana yadda take yi. Yaya, ja ne kawai a hankali, da tausa. Ta ce ba ta san Gidaɗo ba, ba za ta iya yabonsa ko kushe shi ba, amma ki zauna a wurin ki sa ido. In mai fizga ne ko mai murɗawa har ƙashi ya yi ƙara, ki hana shi nan take. In mai bi sannu ne yana tambayar inda ke ciwo, ki bar shi. In kuma ƙafafunta suka fara sanyi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ku sa ta a mota ku kawo ta nan ko ana ruwan ƙanƙara.

Sauran takardar ta Inna ce. Ki karanta mata da yarenmu, kada ki gyara mini ko kalma ɗaya.

Inna, ni ne Irmiya. Na yi kuskure a kan gammo, littafin na karanta rabi na bar rabi. Ki bari Gidaɗo ya duba ki, ni na ce. Kuma ranar da kika kawo mini gyaɗa makaranta na ce ke wata mata ce daga ƙauyenmu, na yi ƙarya, na kuma ci gyaɗar. Da wannan kafaɗar kika ciyar da ni har na sa fararen kayan da nake taƙama da su. Ba ke ce abin kunya ba, ni ne. Ki yafe mini. In na zo Kirsimeti, ni zan ɗauki itacenki a kafaɗata, da fararen kayana, in ratsa tsakiyar kasuwa kowa ya gani.

Ɗanki,
Irmiya

Kontagora, 10 ga Satumba, 1965

Irmiya,

Gaisuwa. Yau kwana ashirin da biyu, shiru. Kullum Andarawus sai ya biya gidan waya, kullum a ce babu. An ce ruwa ya hana motoci wucewa wajen Mariga, to ban sani ba ko ruwan ne, ko kuwa maganata ce ta yi maka zafi ka ɗauke ƙafa. In fushi ne, ka yi da ni, na yarda na yi kaushin baki. Amma ita ba ta yi maka komai ba.

Jiya na ga samarin rugar Gidaɗo suna gyaran igiyoyin maruƙa. Inna kuwa na same ta tana ƙoƙarin ɓare gyaɗa da hannun hagu da haƙori. Layi ɗaya ya isa, Irmiya.

Barakatu

Kontagora, 24 ga Oktoba, 1965

Zuwa ga Likita Zalɓe,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji. Ka ga na dawo hayyacina. Takardarka ta iso kwana huɗu bayan na aika waccan, a jiƙe, ta sha zama a buhun gidan waya. Ka yafe mini zargin da na yi maka. Mun kuma samu 'yar gajeruwar da ka ce jarrabawa ta yi kyau, mun gode wa Allah. Na ƙi amsawa ne sai na samu abin faɗa.

Na karanta mata kamar yadda ka ce, ban gyara komai ba. Da na gama ta ce in maimaita wurin gyaɗar. Na maimaita. Ta ce, "Ashe ya ci." Ta share ido da gefen zane, sannan ta daka mini tsawa wai me nake jira ban aika a kira mai shanun ba.

Na zauna na sa ido kamar shaho, yadda Sistarka ta ce. Gidaɗo bai ma fara da wuyan ba. Cewa ya yi ta tashi ta yi tafiya zuwa bakin rumbu ta dawo, yana kallo. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗarta ta dama, wurin nan da ya yi kanta, ya ce, "Uwar Barakatu, ai Allah ya riga ya naɗa miki gammo a nan, me kika je nema a ka?" Ya sa na dafa ruwa, ya gasa wurin da tsumma, ya shafa man shanu, yana bin jijiyar da yatsa yana tambaya, nan ne, nan ne? Daga nan ya kwantar da ita a tabarma, ya zauna ta wajen kanta, ya tallafi ƙeyarta da haɓarta ya riƙa ja a hankali, a hankali, kamar mai taimakon saniya wurin haihuwa. Na gaya masa labarin mutumin da aka murɗa wa wuya. Ya girgiza kai ya ce ubansa ya hana shi murɗa wuyan ko da ɗan maraƙi ne.

Kullum da hantsi yake zuwa. Mako na farko babu wani canji, har na fara karaya. A na biyu ta ce allurar ta koma tururuwa. 'Yan uwansa suka tashi da shanu farkon watan nan, shi ya tsaya ya ƙara kwana goma, ya koya mini gashin da tausar, amma ya ce jan wuyan kada in kuskura. Ranar Talata ya bi su.

Ba zan ce maka ta warke sarai ba. Kan manuninta har yanzu ba ta jin sa sosai, kuma Gidaɗo ya ce babban dami ya ƙare mata har abada, rabin ƙwarya kawai, shi ma ba kullum ba. Amma tana ɗaura zanenta, tana riƙe ludayi, jiya har ta finciko mini kunne. Gammon kuwa yana ƙarƙashin randa, ya zauna daram.

Ɗan buhun da direba Lukuman zai ba ka tare da wannan takarda, sabuwar gyaɗar bayan gida ce. Na ce Andarawus ya kai tasha a keke, ta ce a'a. Ita ta ɗauko, a kafaɗa, ina biye da ita.

Ga ta nan ta zauna kusa da ni, ta ce in rubuta abin da za ta faɗa daidai.

"Irmiya, na ji maganarka. Ranar makarantar ta yi mini zafi, ba zan yi maka ƙarya ba, na daɗe ina ɗauke da ita. Yanzu na sauke. Yaro ne kai a lokacin, kuma su da yawa ne, kai kaɗai. Zancen ka ɗauki itace a kafaɗa kuwa, kada ka soma. Kafaɗarka ba ta san komai ba sai alƙalami, za ka karya wuyanka ne, ga shi Gidaɗo ya tafi. Ni zan ɗauki kayana. Kai dai ka sa fararen kayanka ka yi tafiya kusa da ni har cikin kasuwa. In wani ya tambaye ka wace ce wannan, sai ka faɗa masa."

Ta ƙi yarda in riƙe mata hannu, da kanta ta tsoma a tawada ta danna. Ya ɗan karkace, amma ka kai shi wurin haske ka duba da kyau. Layin laujen yana nan.

Yayarka,
Barakatu